Shirya Gida Kafin Sayarwa

Shirya gida kafin sayarwa shi ne aikin tsabtace gida, gyara ƙananan ɓarnar da ke cikinsa, rage tarkace da tsara kayan ɗaki, domin mai saye ya ga gidan a kyakkyawan yanayi tun shigarsa ta farko. Ba a rusa bango ko a ƙara ɗaki a wannan aiki; ginin yana nan yadda yake, abin da ido zai fara cin karo da shi ake taɓawa. Manufarsa biyu ce: gidan ya fita da wuri, kuma mai saye ya rasa hujjar karya farashi. A ƙasashen Turai da Amurka sana'a ce mai zaman kanta, da kamfanonin da ke ba da hayar kujeru da labule na 'yan makonni. A birnin Kano kuwa galibi tsakanin mai gida, dillali da mai fenti ake ƙare maganar.

Asali

Ana danganta mayar da wannan aiki sana'a ga Barb Schwarz, wata dillaliyar gidaje a garin Bellevue na jihar Washinton a Amurka, wadda ta fara shi a shekarar 1972. Ta ɗauko tunanin ne daga yadda ake shirya dandalin wasan kwaikwayo kafin 'yan kallo su shigo. A 1999 ta kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa da ƙasa, IAHSP, sannan a 2007 aka kafa wata ƙungiyar, RESA, ita ma a Amurka. Abin ya ƙara bunƙasa da tallan gidaje ya koma intanet, domin yanzu hoto ne ke fara magana kafin dillali ya buɗe baki.

A ƙasar Hausa gyara ɗaki don idon baƙo tsohon abu ne. Mafi kusa da wannan sana'a shi ne jeren amarya, inda mata ke shiga ɗaki fayau da safe, kafin magariba sun mayar da shi wurin da 'yan ganin ɗaki za su yaba. Bambancin dai shi ne jere yana nuna wacce za ta zauna a ɗakin, shirin sayarwa kuwa ƙoƙarinsa ya ɓatar da alamar wanda ya zauna, don mai saye ya hango kansa da iyalinsa a ciki.

Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

A nan ne ake da saɓani. Ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, takan fitar da rahoto kan batun lokaci zuwa lokaci. A rahotonta na 2023, kashi 81 cikin ɗari na dillalan da ke wakiltar masu saye sun ce gidan da aka shirya ya fi sauƙaƙa wa mai saye ya ƙiyasta zamansa a ciki. Kashi 48 na dillalan masu sayarwa sun ce shirin yana rage kwanakin da gida ke yi a kasuwa. Da aka zo maganar kuɗi sai adadin ya sauko: kashi 20 na dillalan masu saye ne suka ce yana ƙara kashi 1 zuwa 5 a kan tayin da ake yi. Falo ne ɗakin da aka fi ba muhimmanci, sai ɗakin barcin mai gida, sai kicin.

Sai dai waɗannan alƙaluma ra'ayin dillalai ne, kuma dillali ba zai kushe abin da ke sauƙaƙa masa aiki ba. Wani bincike da Michael Seiler, masanin harkar gidaje a Amurka, da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya bi wata hanya dabam. An nuna wa mutum 820 gida ɗaya ta kwamfuta, amma aka riƙa canza launin bango da irin kujerun da ke ciki. Waɗanda suka ga fenti mai kyau da kaya masu kyau sun fi yaba gidan, amma da aka tambaye su nawa za su biya, farashin bai bambanta da na sauran ba. Wato kwalliya tana jawo sha'awa, ba lallai ta buɗe aljihu ba.

Wannan sakamako ya fi dacewa da kasuwar Kano fiye da alƙaluman dillalan Amurka. A nan abin da ke yanka farashin gida shi ne unguwa, girman fili, kusanci da titin kwalta, ruwa, da takarda. Tsohon gida a Nasarawa GRA ko Bompai yakan yi tsadar da sabon gini a bayan gari ba zai kama ƙafarsa ba, kuma sau da yawa mai sayensa ƙasar yake saye, zai rushe ya yi nasa ginin. Wanda ya kashe kuɗi yana yi wa irin wannan gida sabon rufin POP ya yi asara. Inda shiri ke aiki sosai shi ne gidajen da mai saye ke nufin tarewa kai tsaye, irin na Rijiyar Zaki, Hotoro, Janbulo, Na'ibawa ko Ɗorayi, inda gidaje masu kama da juna ke gasa a layi ɗaya. Haka ma rukunin gidaje irin Kundila, ko Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, waɗanda tsarin gininsu kusan ɗaya ne, kulawa ce kawai ke bambanta wannan da wancan.

Yadda ciniki ke tafiya shi ma yana da tasiri. Mai saye a Kano ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan taho da ɗan'uwa ko wani magini da ya yarda da shi, aikinsu kuwa neman aibu. Kowane tsagewar bango, kowace ƙofa mai ƙara, kowane famfo mai ɗiga, sai an ƙirga shi a lokacin tayi, kuma da ninki ake ƙirgawa. Gyaran da mai gida zai yi da kuɗi kaɗan, idan ya bar shi sai mai saye ya nemi ragin da ya fi shi sau da yawa. Shi ya sa dillalin da ya san aikinsa yakan ce, “Alhaji, a bari mai fenti ya shiga tukuna, kada mu kawo mutane su raina mana kaya.” Gidan da ya daɗe a hannun dillalai kuma sunansa yakan ɓaci, a fara raɗe-raɗin rigimar gado ko matsalar takarda, ko da babu ko ɗaya.

Abin da ake dubawa a gidan Kano

Daga waje ake farawa. Get mai tsatsa, kwatar da ta toshe a ƙofar gida, tarin yashi da ragowar bulo da aka bari tun lokacin gini, rubutun gawayi da yara suka yi a katanga, duk waɗannan mai saye ya gama ganinsu kafin ya fito daga mota. A gidajen cikin gari, zaure ko soro shi ne fuskar gida, kuma shi ne ya fi zama matattarar tsofaffin kekuna, buhunan gawayi da katifun da aka daina amfani da su.

Bayan nan sai tsakar gida. Bahaushe yana auna gida da faɗin tsakar gidansa, domin nan ne wurin wanki, shanya, girkin biki da shan iska lokacin zafi. Igiyoyin shanya da suka gitta ko'ina, turken awaki, akurkin kaji da jarkoki suna sa fili mai faɗi ya zama kamar lungu. Kwashe su kawai, a wanke siminti ko intalok, ya isa ya canza yadda ake ganin girman wurin. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a gida abin so ce saboda inuwa, sai dai a sassabe rassan da suka hau kwano.

Ruwa da wuta sun fi labule muhimmanci nesa ba kusa ba. Tunda ruwan famfo ba ya kai wa unguwanni da yawa, tambayar farko da ake yi ita ce ko akwai rijiya ko burtsatse, kuma gani ya kori ji: a kunna injin, ruwa ya hau tanki, a buɗe famfon banɗaki a gaban mai saye. Haka batun wuta. Gidan da ke da mitar kati ba tare da tsohon bashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, KEDCO, ba ya fi kwantar da hankali, idan kuma akwai sola sai a fayyace tun farko ko tana cikin ciniki ko mai gida zai tafi da abarsa, don wannan yakan haddasa gardama bayan an sallama.

A cikin ɗakuna ƙa'idar ita ce ragewa. Falon da aka cika da saitin kujeru biyu, katon kabet da hotunan iyali yakan yi ƙanƙanta a ido. Ana cire hotuna, a rage kujeru, a ɗage labule haske ya shigo. Fenti fari ko ruwan madara ya fi karɓuwa, domin ba kowa ke son shuɗi ko ruwan hoda da uwargida ta zaɓa ba. Kicin da banɗaki su ne wuraren da mata ke yanke hukunci a kai, kuma a gidaje da yawa ba a biyan kuɗi sai uwargida ta zo ta gani. Baƙin hayaƙi a bangon kicin, fasasshen tayil da warin masai suna iya kashe cinikin da maza suka kusa ƙullawa. Turaren wuta yana da kyau idan an yi shi daidai, amma idan ya yi yawa mai wayo zai tambayi abin da ake rufewa da shi. Kayan wannan gyara ba su da wuyar samu: fenti, famfo da makullai a kasuwar Ƙofar Ruwa, yadin labule a Kantin Kwari.

Gidan ƙasa na cikin badala yana da nasa hukunci. Yaɓe sabo, indararo mai aiki, azarar da gara ba ta ci ba, su ne abin dubawa. Shafe tsohon zanen bango da siminti ba koyaushe yake ƙara daraja ba, kuma siminti a kan ginin tubali yakan riƙe danshi ya ɓamɓare bayan 'yan shekaru.

Lokaci da yanayi

Yanayin Kano yana shiga cikin lissafi. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gidan da aka share da safe yakan yi ƙura kafin la'asar, don haka gidan da babu kowa a ciki yana buƙatar mai leƙa shi kafin kowane zuwan baƙi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, an fi son kai mai saye da safe ko da yamma, a buɗe tagogi tun kafin ya iso. Damina kuwa, musamman watan Agusta, ita ce mai tona asirin gida: yoyon kwano, tabon ruwa a silin, danshin da ke cin gindin bango, da layin da ruwa ke kwanciya. Masu saye da suka ƙware sukan jira wannan lokaci da gangan.

Akwai kuma batun mutanen da ke cikin gidan. Ba a kutsa wa matan aure da baƙin maza ba sanarwa, don haka ana sa lokaci, a yi sallama, a ba su damar kimtsawa. Gidan da 'yan haya ke ciki ya fi wuyar shiryawa, tunda ɗan haya ba shi da ribar da zai ci idan an sayar, hasali ma tashi ne ke jiransa. Gidan gado shi ma haka: magada da yawa, kowa na jiran kasonsa, ba mai son fitar da kuɗin fenti daga aljihunsa. Wasu iyalan sukan amince a yi gyaran a cire kuɗin daga abin da aka sayar kafin rabo.

Hoto da bidiyo

Yau yawancin gidajen Kano a WhatsApp, Facebook, TikTok da shafuka irin Jiji ake fara ganinsu. Dillali yakan zagaya da waya yana ɗaukar bidiyo yana bayani, daga get har banɗaki. Wannan ya ƙara wa shiri daraja, musamman ga masu saye daga Legas, Abuja ko ƙasar waje, waɗanda bidiyon ne zai sa su turo wakili ko su wuce. Bokiti a tsakiyar falo ko takalma a bakin ƙofa ƙananan abubuwa ne, amma a allon waya su ne ke cika ido. Akwai kuma manhajojin da ke saka kujeru da labule na kwamfuta a hoton ɗakin da babu komai a cikinsa. Ba laifi idan an faɗa, amma idan aka goge tsagewar bango a hoto, an fita daga talla an shiga yaudara.

Iyaka tsakanin gyara da algus

Shari'ar Musulunci, wadda akasarin cinikin Kano ke tafiya a inuwarta, ta bambanta ƙawata kaya da ɓoye aibinsa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malaman Malikiyya sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, kuma sun ba mai saye haƙƙin neman ragi ko mayar da gida gwargwadon girman aibin da aka ɓoye masa. Fentin da aka yi bayan an gyara yoyo gyara ne. Wanda aka shafa a kan tabon ruwa ana gobe za a zo gani, kwanon kuma yana nan da hujinsa, algus ne, kuma ruwan farko zai fallasa shi.

Takardu

Duk kyan da gida ya yi, ciniki yakan tsaya ne a kan takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma canza mallakar filin da ke da takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Mai saye yakan bincika takardar a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya kuma nemi izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, idan ginin sabo ne. A tsofaffin unguwanni, inda gidaje da yawa ba su da irin wannan takarda, ana dogara da takardun cinikin baya, shaidar mai unguwa da maƙwabta, da takardar rabon gado daga kotu idan gidan na magada ne. Dillalai da yawa sukan nemi mai gida ya haɗa waɗannan wuri ɗaya, tare da rasitan harajin fili da na wuta, tun kafin a kira mai fenti.