Manhajojin ƙari na burauza da kariyar kwafi a intanet

Manhajar ƙari ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza domin ta yi aikin da burauzar ba ta iya yi da kanta, kamar kunna bidiyo ko wasanni. Tsarin NPAPI, wato hanyar haɗa irin waɗannan manhajoji da burauza, wanda kamfanin Netscape ya fito da shi a 1995, shi ya buɗe wannan ƙofa. Flash na kamfanin Adobe da Silverlight na Microsoft, wanda ya fito a 2007, su suka fi shahara.

Kamfanonin fina-finai sun rungume su ne saboda kariyar kwafi, wato DRM. Bidiyon yakan iso kwamfuta a kulle, manhajar ta karɓo mabuɗi daga saba, wato kwamfutar kamfanin da ke aiko da bidiyon, ta buɗe shi ta nuna, ba tare da mai kallo ya samu fayil ɗin da zai adana ba. Netflix ya daɗe yana dogaro da Silverlight don haka.

Matsalar ita ce tsaro. Manhajar ƙari tana aiki da kusan duk ikon da mai kwamfutar yake da shi, saboda haka kafa ɗaya ta rashin tsaro a cikinta ta isa a yi wa kwamfutar kutse. Mutum ya buɗe shafi mai ɗauke da gurɓataccen talla, bai danna komai ba, sai mugunyar manhaja ta shige. Kuma kamfani ɗaya ne kaɗai ke ganin cikin lambobin da aka rubuta manhajar da su, shi kaɗai zai toshe kafar. Apple ya hana Flash shiga iPhone, Chrome ya daina karɓar NPAPI a 2015, Adobe kuma ya janye tallafin Flash a ƙarshen 2020.

HTML5, sabon tsarin rubuta shafukan intanet, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar a 2014, ya sa burauza na kunna bidiyo da kanta. Sai dai buɗaɗɗiyar ƙa'ida irin HTML5 ba ta ɓoye mabuɗi, tunda kowa na iya karanta yadda take aiki. Google da Microsoft da Netflix suka kawo EME, ƙari kan HTML5 don kunna kullallen bidiyo, wanda ya bar kulle-kullen a wani rufaffen ɓangare da ake kira CDM: Widevine na Google, PlayReady na Microsoft, FairPlay na Apple. A zahiri manhajar ƙari ce ta dawo, an dai rage mata iko. Firefox na killace ta a shinge don kada ta taɓa sauran fayiloli.

W3C ta amince da EME a Satumban 2017. Ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fice daga W3C a kan haka, domin an ƙi ba da tabbacin cewa ba za a maka masu binciken tsaro a kotu ba a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka mai suna DMCA idan suka tona aibin CDM.