Don Allah a daina shan haɗin maganin gajiya

Abin nan ya ishe ni, shi ya sa zan faɗa ba ɓoye-ɓoye. Kullum sai an kawo mana magidanci asibiti yana riƙe da ciki, ko yana aman jini, ko ƙafafunsa sun kumbura fitsari ya ja baya. Ka tambaye shi me yake sha, ya ce, "Ba komai malam, maganin gajiya ne kawai." A kwance ledar sai ka ga diclofenac, ga ibuprofen, ga Feldene, wani sa'in har da prednisolone, mai kemis ya ƙulle su wuri guda ya ce a watsa baki ɗaya. Kuma kowane dare ake watsawa, sau da yawa ciki babu ko koko.

Na san wahalarku. Manomin da ya wuni a duƙe, da ɗan dako, da mai tura baro, da baiwar Allah mai daka da surfe, duk jikinsu ciwo yake, ba wanda ya ce ƙarya suke yi. Amma haɗin nan cuta ce kuke saya da kuɗinku.

Diclofenac da ibuprofen da Feldene da asfirin duk aiki ɗaya suke yi. Suna toshe wani sinadari a jiki da ake kira COX, wanda ke juya wani irin maiƙo ya zama prostaglandin, mai kawo zogi da kumburi. Wani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya gano haka a 1971, har aka ba shi kyautar Nobel a 1982. To, wannan prostaglandin ɗin shi ne kuma ke kare bangon ciki daga tsami, shi ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Ka sha uku a lokaci guda, sauƙin bai ninka ba, ɓarnar ce ta ninka. Ga rana, ga gumi, ba ka sha ruwa ba, sannan ka ɗora wannan. Ina ƙoda za ta kai? Ka je ka tambayi masu zuwa wankin ƙoda abin da suke kashewa.

Wani ma sai ya ce min ai ya saba, shekara da shekaru bai ga komai ba. Gyambon ciki ba ya yin sallama, Alhaji. Wasu ba sa jin komai sai ranar da jini ya ɓalle.

A taƙaice dai:

Kada a haɗa biyu daga cikin diclofenac, ibuprofen, Feldene da asfirin. Ɗaya, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki.
A fara gwada farasitamol, shi ma kada babba ya wuce giram 4 a yini.
Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da tsofaffi, su ga likita tukuna.
Mai juna biyu ta nisanci su diclofenac ɗin nan, musamman in ciki ya tsufa.
Kada a ba yara asfirin.
Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 saboda zuciya, kada ya daina da kansa, kada kuma ya ɗora masa ibuprofen.

In ka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko jini a amai, ko fuska ta kumbura da safe, ajiye ledar nan ka taho asibiti a ranar, ka zo mana da ita mu ga abin da ka sha.