Daphne Caruana Galizia: 'yar jaridar da ta bi sawun kuɗin manya

Wace ce ita?

'Yar ƙasar Malta ce, wani ɗan tsibiri a tekun Bahar Rum. Ta yi kusan shekara 30 tana aikin jarida. Ranar 16 ga Oktoba, 2017, ta fito daga gidanta a ƙauyen Bidnija, ba ta yi nisa ba bam ɗin da aka dasa mata a mota ya tashi. Shekarunta 53.

Me ta bankaɗo?

A farkon 2016, tun kafin takardun Panama (takardun sirri da suka tona yadda manyan duniya ke ɓoye dukiya a ƙasashen waje) su fito fili, ta fallasa cewa ministan makamashi Konrad Mizzi da Keith Schembri, shugaban ma'aikatan fadar Firayim Minista Joseph Muscat, sun buɗe kamfanoni a ɓoye a Panama. A 2017 ta ambaci wani kamfani a Dubai, 17 Black, wanda ta danganta da 'yan siyasar Malta. Daga baya aka gano na attajiri Yorgen Fenech ne, mai hannun jari a sabuwar tashar wutar lantarkin ƙasar. Duka sun musanta laifi.

Idan ƙarya take yi, me ya hana su kai ta kotu?

Ai sun kai ta, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ta rasu da ƙararrakin ɓata suna sama da 40 a kanta. Wani minista ya sa an rufe asusunta na banki tun ba a fara sauraron shari'a ba. An taɓa cinna wa gidanta wuta, an kashe mata karnuka. Irin wannan ƙarar, ba gaskiya ake nema da ita ba, so ake a karya ɗan jarida da kuɗin lauya da zaryar kotu. Bayan jana'iza ma, mijinta da 'ya'yanta suka gaji shari'o'in.

An hukunta wani?

An ɗaure mutum uku da suka aiwatar da kisan: Vince Muscat (ba ɗan uwan Firayim Minista ba ne) shekara 15, wasu 'yan uwa biyu George da Alfred Degiorgio kuma 40 kowannensu. An kama Fenech a 2019 bisa zargin shirya kisan, yana barin tsibirin cikin jirgin ruwansa, ya ce ba shi da hannu. Zanga-zanga ta tilasta wa Firayim Minista sauka a Janairun 2020, sannan a 2021 kwamitin alƙalai ya ce gwamnati ce ta bar ƙofa a buɗe, dole ta ɗauki alhakin jininta.

Binciken ya mutu da ita?

A'a. 'Yan jarida 45 daga ƙasashe 15 suka raba takardunta suka ci gaba. Su ne suka gano mai 17 Black a 2018.