Wane tsuntsu ne Turawan Ingila ke kira "linnet"?

Da farko dai, mece ce ma'anar kalmar?

Sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai cin ƙwayoyin ciyawa, tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, nauyinsa kuma giram 15 zuwa 20. Ana furta kalmar "linit", a danna gaɓar farko. Idan lokacin hayayyafa ya zo, namijin yakan yi jan ƙirji da jan goshi, kai toka-toka, baya ruwan ƙasa. Macen ba ta da wannan ado. Gidansa Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka.

Daga ina sunan ya samo asali?

Daga abincinsa. Turanci ya aro kalmar daga tsohon Faransanci, inda "lin" ke nufin tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Tsuntsun na son ƙwayar wannan tsiro, sai aka laƙaba masa sunan. Masana kimiyya ma hanyar suka bi. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ne ya shigar da shi rajista a 1758, kuma sunansa na kimiyya a yau shi ne Linaria cannabina: rabin farko na tsiron lilin ne, rabi na biyu na tsiron wiwi, wanda shi ma yana cin ƙwayarsa.

Akwai shi a ƙasar Hausa?

Babu. A nan masu fassara ke yin tuntuɓe. Wani da ya ji an ce ƙarami ne mai ja a ƙirji sai ya rubuta baiwar Allah, wani ya ce jan-baki. Duka biyun danginsu daban ne, kuma jan-baki ma ya fi muni, domin manomi na jin sunan zai tuna garken da ke cinye masa gero da shinkafa, alhali Bature in ya ambaci "linnet" zaƙin murya yake nufi. Ɗan'uwansa na jini a wajenmu shi ne kanari, wanda ake sa wa a keji ana jin kukansa. A ganina, in rubutun kimiyya ne a bar kalmar yadda take a yi mata bayani. In kuwa waƙa ce ko labari da muryar tsuntsun ce abin nufi, kanari ya wadatar.

Me ya sa ake yawan cin karo da kalmar a tsofaffin waƙoƙin Turanci?

Saboda a ƙarni na 19 tsuntsun keji ne na talakawan Ingila. Ana kama shi a karkara da tarko, a kai kasuwannin Landan, ma'aikaci ya saya ya rataye a taga. Kowa ya san kukansa, shi ya sa mawaƙa suka riƙa kwatanta mace mai daɗin murya da shi. Har sunan mata ake sawa da kalmar, ko da yake ba ta yaɗu ba. Yanzu doka ta hana kamun, musamman dokar kare namun daji ta 1981, amma duk da haka yawansa ya ragu ƙwarai tun shekarun 1970. Maganin kashe ciyawa ya ƙarar da ƙwayoyin da yake ci, manyan gonaki kuma suka share shingayen ƙaya da yake sheƙa a ciki. Yana cikin jerin tsuntsayen Birtaniya da aka fi damuwa da halin da suke ciki.

Yau ana amfani da kalmar a hirar yau da kullum?

Ba sosai ba, sai masu sha'awar kallon tsuntsaye da masu cike wasan ƙwaƙwalwa na jarida. Masu bin ƙwallon ƙafa kuma sukan ji ta, don kulob ɗin King's Lynn Town na Ingila laƙabinsa ke nan, akwai kuma kulob ɗin Runcorn Linnets.

A Amurka ma haka ma'anar take?

Ba daidai ba. Mutanen Kalifoniya sun daɗe suna kiran wani tsuntsunsu na gida da wannan suna saboda shi ma namijin yana da ja, amma jinsinsa daban. Shi ne wanda 'yan kasuwa suka riƙa sayarwa a New York ba bisa ƙa'ida ba, da hukuma ta matsa a 1940 suka sake su, daga nan ya bazu a gabashin ƙasar.