Waiwaye: Baje kolin lambuna na Liverpool da filin da aka bari

Tarzomar unguwar Toxteth a watan Yulin 1981 ce ta tilasta wa gwamnatin Margaret Thatcher waiwayar Liverpool. A lokacin harkar tashar jiragen ruwan birnin ta ja baya, masana'antu na ta rufewa, matasa kuma sun rasa aikin yi. Ministan muhalli Michael Heseltine, wanda yawan zaryarsa can ya sa ake ce masa ministan Merseyside, wato yankin da Liverpool take, ya aro dabara daga Jamus ta Yamma, inda tun 1951 ake shirya baje kolin lambuna don raya wuraren da yaƙi ya ragargaza.

Filin da aka zaɓa a bakin kogin Mersey, kusa da tsohuwar tashar Herculaneum, juji ne da kufan tankunan mai. Aka share, aka zuba ƙasa, aka dasa itatuwa. Sarauniya Elizabeth ta buɗe bikin ranar 2 ga Mayun 1984, aka rufe ranar 14 ga Oktoba. Mutane fiye da miliyan 3 suka ziyarci lambuna kusan 60, ciki har da na Japan da na Sin. Daga nan aka maimaita a wasu garuruwan Birtaniya: Stoke a 1986, Glasgow a 1988, Gateshead a 1990 da Ebbw Vale a 1992.

Inda gizo ke saƙar shi ne babu wanda ya zauna ya tsara makomar filin bayan an watse. An gina gidaje a wani ɓangare. Sauran ya zama wurin wasan yara mai suna Pleasure Island, wanda shi ma ya rufe a ƙarshen shekarun 1990. Ciyawa ta cinye lambunan, ɓata-gari suka lalata abin da ya rage, babban zauren bikin kuma aka rushe shi a 2006. Mazauna unguwar Dingle da ke maƙwabtaka, waɗanda aka ce don su aka yi, ba su ga aikin yi mai ɗorewa ba.

Sai a 2012 aka sake buɗe lambunan bayan gyara. A 2015 majalisar birnin ta sayi filin, daga baya kuma ta kashe miliyoyin fam wajen tono sharar nan da aka binne a ƙarƙashinsa, domin ba a iya kafa harsashin gida a kan juji.