Ambaliya da tsadar inshorar gida a garin Lismore

Lismore gari ne a arewacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostiraliya, yana daidai mahaɗar kogin Wilsons da rafin Leycester, kuma shi ake yawan kawowa misali in ana maganar yadda ambaliya ta sa inshorar gida ta gagari masu ƙaramin ƙarfi a garuruwan da ke nesa da manyan birane.

Tarihin ambaliya

Garin ya taso ne wajejen tsakiyar ƙarni na 19 a bakin ruwa saboda fataucin katako, dan haka ambaliya ba baƙuwa bace a wajen mutanensa, shi yasa gidaje da yawa a kan dogayen ginshiƙai aka ɗora su. A 1954 da 1974 ruwa ya kai kusan mita 12. An kammala katangar tare ruwa a 2005, amma a 2017 ruwan guguwar Debbie ya haure ta. Sai ranar 28 ga Fabrairun 2022 kogin ya kai mita 14.4, ruwa ya shiga har saman gidajen da aka ɗaga, mutane suka hau kan rufi suna jiran ceto, maƙwabta ne suka rinƙa bi layi-layi da ƙananan jiragen kamun kifi suna kwaso su, wata ɗaya bayan nan kuma ruwan ya sake dawowa.

Inshora

Kamfanoni suna yanka kuɗi ne gwargwadon haɗarin da ke kan kowane gida, kuma unguwannin kwari inda gida ke da araha nan ne talakawa suke, nan ne kuɗin ya fi tsada. Da yawa sun cire ambaliya daga inshorarsu dan ba za su iya biya ba, da ruwa ya zo ba su da abin kamawa. Ga banki ba ya son bada bashin gida in babu inshora, sai gidan ya ƙi sayuwa. A 2022 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun dafa wa kamfanonin inshora mai garantin dalar Ostiraliya biliyan 10, amma na ɓarnar guguwa ne, irin ambaliyar Lismore ta wannan shekarar ba ta ciki.

Sauyin yanayi

Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 kan kowane digiri ɗaya. Shekarar 2022 kuma ta La Niña ce, wato yanayin tekun Pasifik da ke ƙara ruwan sama a gabashin Ostiraliya. Masana na da saɓani kan rabon kowanne, ɗumamar yanayi da La Niña, wajen haddasa ambaliyar.

Halin yanzu

Gwamnatin jiha da ta tarayya suna saye gidajen da suka fi shiga haɗari, wasu kuma ana ɗaga su sama.