Na Gama Biyan Rance, Ina Kuɗin Da Banki Ya Riƙe Mini?

'Yan kasuwa da dama a Jos, daga Katako har Farin Gada, sun karɓi rancen jari daga ƙananan bankuna, sun biya tsaf, amma wani kaso na kuɗinsu yana can maƙale. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wane kuɗi ne wannan?

Idan ka nemi rancen naira 500,000, mai ba da bashin kan ce ka fara ajiye kashi 10 ko 20 cikin ɗari, ko kuma ya cire tun kafin kuɗin su shigo hannunka. Wasu na kiransa ajiyar dole, wasu jingina. Kana ganinsa a asusunka, amma ba ka iya taɓa shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in an riƙe 100,000, da 400,000 ka saro kaya, alhali kuɗin ruwan 500,000 kake biya.

Nawa ne ko na banki?

Naka ne. Sai dai kada ka haɗa shi da kuɗin fom ko na inshora, waɗannan sun riga sun tafi. Takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ita ke rarrabewa.

To me ya hana a sako mini shi?

Wani lokaci akwai tarar jinkiri da ba ka san da ita ba, kuma banki na da ikon cire abin da yake binka daga ajiyarka. Wanda ya fi ciwo shi ne rancen ƙungiya. Mata goma masu sayar da kayan gwari sun tsaya wa juna, tara sun biya, ɗaya ta gaza, sai a riƙe ajiyar kowa har a cike giɓin. Hajiya, kafin ki shiga irin wannan, ki sa a karanta miki sharaɗin da Hausa. Akwai kuma jami'in bashi da zai lallaɓa ka: "Alhaji, bar shi mana, ka sake karɓar wani." Wannan shawara ce kawai, ba dole ba.

Ta ina zan fara?

Ka nemi bayanan asusun rancen tun daga ranar farko, da takardar shaidar cewa ba a binka komai. Sannan ka rubuta wa manajan reshe wasiƙa kana neman a sake maka ajiyarka, a buga hatimi da kwanan wata a kwafinka, a ba ka lambar ƙorafi. Zirga-zirga da "ka dawo gobe" ba su zama hujja a gaban kowa.

In sun yi biris da ni fa?

Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya (CBN) ita ce ka ba su mako biyu, wasu ƙorafe-ƙorafen kan kai kwana 30. Bayan nan sai ka kai kuka Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, wanda ke da reshe a Jos, ba sai ka je Abuja ba. Idan manhajar rance ce ta waya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce ke sa musu ido. Ƙungiyar gama kai kuwa, ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha za ka nufa.

Idan bankin ya rushe?

Yana faruwa, domin a 2023 CBN ya soke lasisin ƙananan bankuna 179. A nan hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, wato NDIC, ke shigowa. Tun 2024 tana biyan mai ajiya har naira miliyan 2 a ƙaramin banki, miliyan 5 a babba, bayan an cire bashin da ya rage a kansa. Ka je da lambar BVN, da katin shaida, da littafin ajiyarka.